Intanet Ba a Iska Take Tafiya Ba

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin kwana na huɗu na azumi, mutane da dama a Najeriya suka wayi gari manhajar banki ta ƙi buɗewa, na'urar POS kuma tana ta juyi ba ta fitar da rasit. Kowa ya ɗora laifin a kan "sabis". Amma matsalar ba a turakun sadarwa na unguwa take ba. Tana can ƙasan teku, daura da gaɓar Kodebuwa, inda manyan wayoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan a lokaci guda. Kamfanin MainOne ya danganta abin da motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Gana da Laberiya da Binin da ita kanta Kodebuwa duk sun ji a jikinsu, kuma sai da aka yi makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su kammala aiki.

Na kawo wannan ne don ina ganin mun daɗe muna auna intanet da ma'aunin da bai dace ba. Muna duba layukan da ke saman fuskar waya, muna ƙorafin tsadar data, shi ke nan. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: hanyoyi nawa saƙonka yake da su kafin ya isa inda ka aike shi?

Iskar da muke zaton tana ɗauke da saƙo ɗan gajeren zango kawai take yi da shi, daga wayarka zuwa turken da ya fi kusa. Daga nan yawanci sai ya faɗa cikin zaren gilashi mai sirantar gashin kai, wanda aka binne a gefen titi, ya yi tafiya a matsayin ƙyaftawar haske. Kuma ba a dunƙule yake tafiya ba. Hoton da ka aika ana yanyanka shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar jerinsa. A kowace mararraba akwai na'urar da aikinta shi ne duba adireshi ta miƙa ƙunshin ga maƙwabciyarta da take ganin ta fi kusa da masauki. Can a ƙarshe ake jera su bisa lamba, wanda ya ɓace a hanya kuma a nemi a sake turo shi.

Ɗan kasuwar Dawanau ba zai sha wahalar gane wannan ba. Idan yana da buhu dubu na wake da zai kai Legas, ba lallai ya jira mota guda da za ta kwashe su duka ba. Zai raba su a tireloli, kowace da takardar kayanta, wata ta bi Mokwa da Jebba, wata ta bi Abuja da Lokoja. A daminar 2022, da ambaliya ta rufe hanya a wajen Koton Karfe, motoci sun yi kwanaki a tsaye, kuma wanda ya tsira shi ne wanda yake da wata hanyar.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Paul Baran a Amurka ya tsara ta a farkon shekarun 1960, yana neman hanyar sadarwar da za ta ci gaba da aiki ko an ragargaza wani sashe nata, Donald Davies kuma a Ingila ya cimma irin wannan tunani shi kaɗai, shi ne ma ya raɗa wa ƙunshin suna. A 1969 aka aika saƙon farko a kan ARPANET daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, a 1983 kuma cibiyar ta koma kan ƙa'idar TCP/IP da Vint Cerf da Bob Kahn suka tsara, wadda har yau ita ce harshen da kwamfutocin duniya ke magana da shi. Abin lura shi ne, duk hikimar tsarin ta rataya ne a kan zato guda, cewa idan hanya ta toshe akwai wata. Na'urar mararraba ta iya zaɓi, amma ba ta iya ƙirƙirar hanyar da ba a shimfiɗa ba. Shi ya sa a waccan Alhamis kamfanonin da suke da rabo a wayar Equiano ta Google, wadda ta sauka Legas a 2022, ko a Glo-1, suka samu inda za su karkata, sauran kuwa suka yi jugum.

A nan ne nake ganin Arewa ta fi kowa zama a bakin rami. Kusan duk wayoyin teku na Najeriya a Legas suke sauka. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri yana rataye ne da zaren da ya ratsa fiye da kilomita dubu a gefen titunan da kullum ake yi wa aiki, inda katafila guda ke iya tsinke sadarwar gari sukutum. Jamhuriyar Nijar ba ta da teku ma sam, ta ƙasashen maƙwabta take samun mafita, abin da ya sa shirin shimfiɗa zare ta hamadar Sahara zuwa Aljeriya, wanda Bankin Raya Afirka ke tallafawa, ya fi ƙarfin a kira shi ado. Ƙofa ce ta biyu.

Akwai kuma tafiyar da ba ta da dalili. Haske a cikin gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ce, don haka zuwa da dawowa kaɗai yana cin wajen kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, kafin a lissafa tsaye-tsayen hanya. Kaɗan ne a ido, amma shafi guda yana iya yin irin wannan safa da marwa sau da yawa kafin ya buɗe. Idan jami'a a Kano ta ajiye shafin rajistar ɗalibanta a wata kwamfuta a Turai, ɗalibin da ke zaune a bakin ƙofarta sai ya tsallaka teku ya dawo kafin ya ga sakamakonsa, kuma ranar da teku ta yi gardama, shi da jami'ar sun rabu alhali suna kallon juna. Maganin wannan shi ne mahaɗar musayar intanet, wurin da kamfanoni ke haɗa wayoyinsu kai tsaye don saƙon gida ya tsaya a gida. Najeriya tana da IXPN tun 2006, kuma tana da reshe a Kano. Sai dai mahaɗa ba ta da amfani idan abin da ake nema ba a kusa aka ajiye shi ba.

Za a ce ajiya a gida ta fi tsada, wutar lantarki ba tabbas, masu kula da na'urori kuma sun yi ƙaranci. Duk gaskiya ne, kuma ba na cewa a kwaso komai a dawo da shi. Wanda ya tara komai a ɗaki guda a Kano shi ma ƙofa ɗaya gare shi. Abin da nake cewa shi ne bayanan da rayuwar yau da kullum ta dogara da su, na asibiti da albashi da makaranta, su kasance suna da kwafi a kusa da kuma hanya fiye da ɗaya.

Babban cikas a hannun jihohi yake. Shekaru da dama wasu gwamnatoci sun ɗauki izinin haƙa ramin zare a matsayin hanyar tara haraji, suna saka kuɗi mai yawa a kan kowace mita. An amince da naira 145 a mita, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, amma ba kowa ya bi ba. Gwamnan da ya tsawwala wannan kuɗi yana karɓar na cefane ne yau, ya bar jiharsa da zare guda.

Mu ma da muke sa hannu a takardun ofis muna da namu. Manajan asibiti ko shugaban sashe da ya sayi layi daga kamfanoni biyu yana zaton ya yi tanadi, alhali sau da yawa kamfanonin biyu haya suke yi a zare guda, cikin rami guda, a gefen titi guda. Kafin a biya, a nemi kowannensu ya zana a takarda hanyar da zarensa ya bi daga ƙofar ofis har zuwa inda ya fita daga gari.