Kashin Mesa da Hanyar Sakkwato

A wata Lahadi ta watan Afrilu, ranar kasuwar Illela, na tarar da wani gardi daga yankin Garu zaune a gefen kara, kwandonsa a rufe, ba kiɗa ba taro. Mesar da yake neman abinci da ita ta ƙi cin komai kusan wata biyu, ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi ya ce masa ya kai kashinta Sakkwato a duba. Da na tambaye shi, "Baba, ka kai?" sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, mi likita za shi yi da kashi nai?" Daga baya dai ya kai. Ya kankare abin da ya tarar a kwando, wanda ya kwana uku, ya ƙulle a baƙar leda, ya ajiye a gaban mota inda rana ke duka. Sakamako ya fito cewa ba a ga komai ba, shi kuwa ya dawo da yaƙinin cewa aikin asibiti ɓata kuɗin mota ne.

Ina ganin ba asibitin ne ya gaza ba, ba kuma gardin ba. Samfurin ne ya lalace a hanya, domin babu wanda ya gaya masa cewa kashi abu ne mai rai.

Abin da likita ke nema a ƙarƙashin madubinsa galibi ƙwai ne, ba tsutsar kanta ba. Yana jiƙa kashin a ruwan da ya ƙoshi da gishiri, ƙwayayen su taso sama saboda sun fi ruwan sauƙi, sai ya kwashe su ya duba. Amma ƙwan tsutsotsi da yawa ba ya jira. Idan ya sami ɗumi da iska da danshi, yana iya ƙyanƙyashewa cikin yini ɗaya ko biyu, kuma da zarar ya ƙyanƙyashe babu sauran abin da zai taso a ruwan gishiri. Idan kashin ya bushe, ƙwan ya motse, siffarsa ta ɓaci. Wasu ƙananan halittun masu motsi kuwa sa'o'i kaɗan suke yi su mutu. Tsakanin Illela da Sakkwato akwai sama da kilomita 80, kuma a bazara zafi kan haura digiri 40. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a wannan hanya ya san lokacin da ake ɓatawa kafin ta cika, da wanda ake ɓatawa a shingaye.

Lamarin maciji ya fi na sauran dabbobi wuya. Akuya tana kashi sau da yawa a yini, idan wannan ya lalace sai a jira na gaba. Mesa kuwa tana iya yin makonni ba ta yi ba, musamman idan ba ta ci, saboda haka samfur ɗaya da aka yi sakaci da shi yana iya zama asarar wata guda. Sannan abin da maciji ke fitarwa iri biyu ne a haɗe: akwai fari mai kama da alli, wanda shi ne fitsarinsa, akwai kuma mai duhu, wanda shi ne kashin. Mutane da yawa farin suke ɗauka saboda ya fi tsabta a ido, alhali mai duhun ake buƙata. Ya kamata kuma a gaya wa likita abin da aka ciyar da shi, domin ƙwan tsutsar da ke cikin ɓeran da ya haɗiye yana fitowa a kashinsa, a ɗauka nasa ne, a yi ta ɗura masa maganin cutar da ba ya da ita.

Ƙa'idar ajiyar ba ta da tsada. A ɗauki kashin da zarar an gan shi, da leda a hannu, ba tare da ƙasa ko ciyawa ba. A sa a leda mai tsabta, a matse iskar ciki gaba ɗaya kafin a ƙulle, domin rashin iska yana tsayar da girman ƙwan. A rubuta rana da lokaci. A sanyaya shi zuwa wajen digiri 4, a kai cikin awa 24. Kada a sa a firiza, domin daskarewa tana fasa ƙwan wasu tsutsotsin, kuma wannan kuskure ne da masu ilimi suka fi yi, saboda sun saba da cewa ƙanƙara tana adana komai. A wurinmu da wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙaramar kula da ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwa sun isa, muddin an naɗe ƙanƙarar da tsumma don kada ta taɓa ledar. Idan tafiya za ta ɗauki kwanaki, ma'aikacin lafiya yana iya zuba samfurin a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Kada kuma a taɓa haɗa shi da abinci a firji ɗaya, domin macizai da ƙadangaru suna yawan ɗauke da ƙwayar Salmonella ko da lafiyarsu ƙalau.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da mesar gardi? Akwai ruwanmu. A huhun mesa da kasa na Afirka ta Yamma ana samun wata halitta mai kama da tsutsa, Armillifer armillatus, wadda ƙwanta ke fita ta yawu da kashin macijin. Idan mutum ya haɗiye shi, 'ya'yan sukan maƙale a hanta da sauran kayan ciki, kuma an sha samun haka a Najeriya, sau da yawa bisa tsautsayi yayin ɗaukar hoton ciki ko tiyata. Ku tuna su wane ne ke sahun gaba a da'irar wasan gardi, kuma a wuyan wa ake rataya mesa don a ɗauki hoto.

Amma gaskiya, gardin ya zame mini hanya ce ta kallon babbar matsalar, wadda ke tsaye a cikin karar da yake zaune a gefenta. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa ta Kwanni kowane mako, kuma kusan kowane makiyayi yana da maganin tsutsa a aljihu, albendazol ko ibamektin, yana bayarwa da ka. Tsutsar da ta fi kashe ƙananan dabbobi da damina, Haemonchus contortus, jini take sha a tumbi, kuma macenta ɗaya tana zuba dubban ƙwai a yini. A Afirka ta Kudu da Ostareliya, yawan ba da magani barkatai ya haifar da tsutsotsin da ba sa jin magani, har kiwon tumaki ya gagari wasu gonaki. Hanyar gane ko magani yana aiki ita ce a ƙirga ƙwai kafin a bayar, a sake ƙirgawa bayan kamar kwana 14. Dabarar ƙirgar, wadda ake kira McMaster, an fito da ita a Sidni tun 1939. Ba sabuwar fasaha ba ce. Sai dai ƙirgar ba ta da wata ma'ana idan rabin ƙwayayen sun ƙyanƙyashe a cikin mota.

Na san amsar makiyayi, kuma tana da nauyi: ƙwayar magani ta fi kuɗin motar Sakkwato araha, don me zai wahala? A kan akuya ɗaya, yana da gaskiya. Shi ya sa ban yarda cewa mafita ita ce a yi ta wa'azin kai samfur birni ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta suna da aikin da ya fi wannan, wato tantance abin da ya gagara. Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai madubin likita, gilashin ƙirga, gishiri, ƙaramin firji mai aiki da hasken rana, da mutum ɗaya da ya iya. A ajiye wannan teburi a bakin karar Illela ranar Lahadi. Makiyayi ya kawo na dabbobi goma a haɗa a duba sau ɗaya, ya sami amsa kafin ya gama ciniki. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro a 2024 tana maganar manyan ayyuka, ni kuwa da za a tambaye ni, da wannan teburin zan ce a fara.

Gardin ya ce mesar ta fara karɓar ɗan tsako bayan saukar ruwan farko. Na bar masa leda uku da lambar wani ɗan acaɓa mai sayar da ƙanƙara, ya ce idan ta yi zai kira.