Mu Je Bakolori, Amma Kada Mu Kwana

Wasu a cikinmu suna so zumuntarmu ta je dam ɗin Bakolori, mu shiga kwalekwale da yamma, mu kwana muna addu'a a bakin ruwa. Niyyar tana da kyau. An kammala dam ɗin a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ruwansa kuma yana shayar da gonakin shinkafa a Maradun, Talata Mafara da Bakura. Wanda ya gani zai yabi Mahalicci.

Amma ba mu goyi bayan kwana ba. Dukanmu mun san halin hanyoyin Zamfara da dare, mun san iyalan da suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Mai cewa taka-tsantsan rashin bangaskiya ne, ya karanta Matiyu sura 4. Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, Yesu ya ƙi ya diro don ya gwada Allah.

Mu tafi da safe da izinin fasto da iyayenmu, masunci ɗan gari ya yi mana jagora, mu dawo tun da sauran rana. Addu'ar dare kuwa, mu yi ta a majami'a.