Hankalin Ma'aikaci Amana Ne A Hannun Uban Gidansa

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, ya san irin labarin nan. Mutum ya baro garinsu da ƙarfinsa da hankalinsa, ya sami gadi a wata masana'anta, ko tuƙin babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Bayan shekara biyu ko uku sai a ga ya daina raha, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, ya shiga keɓe kansa daga jama'a. Uban gida ya ce lalaci ne, ya sallame shi. 'Yan'uwa su ce iska ce ko sammu, su yi karo-karo su sa shi a mota zuwa gida. Ba wanda zai tsaya ya tambayi awa nawa mutumin nan yake barci a mako, ko yaushe rabonsa da ganin iyalinsa, ko wata nawa yake bin albashi.

Amsar waɗannan tambayoyi kuwa duk tana hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Mai gadin da ya kwana a tsaye, gari ya waye aka ce ya wanke mota ya je aike, direban da ya yi kwana da kwanaki a layi yana kwana cikin mota, ba abin mamaki ba ne a same su suna haɗiyar tiramol don su jure. Ƙwayar ta ba su ƙarfi na ɗan lokaci, daga baya ta karɓe abin da ya fi ƙarfin daraja.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki kimanin biliyan 12 kowace shekara, hasarar da ta kusa dala tiriliyan 1. Watau ko mai kamfanin da bai san tausayi ba, lissafi kaɗai ya isa ya farkar da shi. Mai gadi mai gyangyaɗi ƙofa ce a buɗe, direban da hankalinsa ya rabu biyu kuwa yana ɗauke da dukiyar uban gidansa da rayukan mutane a kan hanya.

Abin takaici shi ne yawancin abin da ake bukata yana rubuce cikin dokar ƙasa tun tuni, sai dai ba a bi. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun yini guda cur cikin kowane kwana bakwai. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana 6 da albashinsa bayan ya cika wata 12 yana aiki, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara in likita ya shaida. Ta kuma hana a wuce wata guda ba a biya shi ba. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ƙara da cewa ana iya biyan diyya saboda ciwon ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, ba sai an ga jini ko karaya ba. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tsare mutuncin mai irin wannan lalura. Gaskiya ne Dokar Ƙwadago ba ta kai ga mai gadin gida yadda ta kai ga na kamfani ba, amma fa rashin doka ba ya halatta zalunci.

To, abin da ake nema daga iyayen gida ba mai tsada ba ne. A raba aikin dare tsakanin mutum biyu. A biya albashi ran da aka alkawarta, domin mutumin da ya san matarsa na jiran kuɗin cefane a Gumel ko Illela, shi kuma hannunsa wayam, jikinsa ne kawai yake wurin aiki. A bar shi ya je gida ganin iyali ba tare da tsoron zai dawo ya iske an ba wani gurbinsa ba. A kuma ja kunnen shugabannin ma'aikata game da zagi da wulakanci, musamman ga baƙon da bai iya Turanci ko Yarabanci ba balle ya kare kansa.

In kuwa alamar ciwo ta bayyana, asibiti za a nufa, ba takardar sallama ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba da Aro ta Abekuta da Uselu ta Binin da Inugu da Kalaba. A Aro ɗin ne ma, tun 1954, Dokta Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya gane cewa mutum ya fi saurin samun sauƙi in ba a yanke shi daga jama'a ba. Haka nan wanda ya san aikinsa na jiransa ya fi ƙarfin halin shan magani. Ya kamata uban gida ya rufa masa asiri, ya rage masa nauyi in ya dawo, har ya murmure.

Su ma 'yan Arewa mazauna Kurmi suna da nasu nauyin. Addu'a da rubutu ba su hana ganin likita, kuma gaggawar tura mutum gida sau da yawa ita ce take sa ya rasa aikinsa da haƙƙinsa gaba ɗaya. Wajibi ne Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su san abin da waɗannan dokoki suka tanada. In aka kawo musu ƙarar an kori wani don hankalinsa ya taɓu, su sami mai rakiya ya kai shi asibiti tukuna, a karɓi takardar likita, sa'an nan su tafi da ita ofishin uban gidansa.