Firiza ba ta rage teɓa

Jama'a, ƙanwata a nan Daura ta ƙudura rage ƙiba, sai ta koma sayo daskararren abincin kwali daga manyan kantunan Kano, wai shi ne na masu lura da jiki. Wata biyu, kuɗi sun tafi, teɓa na nan daram.

Ni dai a ganina firiza ba ta da laifi, abin da aka zuba mata ne. Irin wannan abinci yawanci gishiri ya yi masa yawa, ga shi ba ya riƙe ciki, kafin la'asar an ɗora Indomie. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, har da na dunƙule. Sannan ga rashin wuta: abin da ya narke ya daɗe a zafin Daura, ko an sake daskarar da shi, yana iya ɓata ciki.

Na ce mata ki dafa wake da zogale da hannunki, mai cokali ɗaya, don shi kaɗai kusan kalori 120 ne, ki raba a ƙananan robobi ki daskarar. Tuwo malmala ɗaya. Fura kuma a sassauta mata sukari.

Ko na yi kuskure?