SHARHI: Tsofaffin ma'aikatan yuraniyom da lambar da ya kamata ta shiga rajistar likita

A ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahakar yuraniyom ta Akuta da ke kusa da Arlit, bayan sama da shekara 40 ana haƙa, an kuma fitar da kusan tan 75,000. Ma'aikatan kamfanin wajen 600 ne suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki a Arlit tun daga shekarun 1970 ba 'yan can ba ne. Mutanen kudu ne, daga jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, waɗanda idan aiki ya ƙare sukan tattara iyali su koma gida. Abin tambaya a nan shi ne: idan ɗaya daga cikinsu ya je likita a Madarunfa da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, me za a rubuta a kansa?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lamba, wanda ake kira CIM da Faransanci. A bugu na 10 na kundin, sankarar huhu ita ce C34. Akwai kuma wasu lambobi da ba sunan cuta suke faɗa ba, suna nuna abin da mutum ya yi mu'amala da shi ne. W88 na nufin tururin nukiliya ya taɓa mutum, Z57.1 kuwa na nufin a wurin aiki ne ya haɗu da shi. Majinyacin da aka rubuta masa C34 kaɗai zai ɓace cikin jerin masu shan taba da sauran jama'a. Wanda aka haɗa masa C34 da Z57.1 ya zama shaida. Bugu na 11 ya soma aiki tun 1 ga Janairun 2022, shi ma yana ba da damar haɗa cuta da sanadin da ake zargi.

Gaggawar lamarin ta fito ne daga yanayin cutar kanta. Mahakar Akuta a ƙarƙashin ƙasa take, zurfin kusan mita 250, kuma a irin wannan rami ne iskar radon ke taruwa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ta cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu bayan taba sigari. Ciwon kuma ba ya bayyana nan take, yakan ɗauki shekara 10, 20 ko fiye. Ke nan wanda ya bar Arlit da ƙafarsa lafiya lau, a garinsu ciwon zai same shi, ɗaruruwan kilomita daga asibitin kamfani, a gaban malamin jinyar da ba shi da dalilin kawo Arlit a ransa. Tari, rama da zubar jini a kaki, duk wanda ya gani tarin fuka zai fara zato, kuma ba laifinsa ba ne.

Likitocin yankin Madarunfa sun iya ƙidaya. Shekara da shekaru suna lissafin yaran da zazzabin cizon sauro da tamowa suka kwantar, tare da ƙungiyar MSF, alƙaluman kuma na tafiya har Yamai ta manhajar DHIS2. Saboda ana ƙirga su ne ake aiko da magani kafin damina ta kankama. Abin da takardar rahoton wata ba ta yi wa gurbi ba kuwa, ko ya kashe mutum goma a gunduma ɗaya, ma'aikatar lafiya ba za ta gan shi ba.

Labarin Serge Venel ya isa misali. Bafaranshe ne da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, sankarar huhu ta kashe shi a 2009. Asusun inshorar lafiya na Faransa ya amince cewa ciwon aiki ne, a 2012 kuma wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva laifi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin a 2013 bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki kai tsaye ba. Ko da iyalinsa ba su yi nasara a ƙarshe ba, sun iya shiga kotu ne domin likita ya rubuta, takarda ta tsaya musu. Abokin aikinsa ɗan Nijar da ya rasu a ƙauye, aka yi masa sutura kafin la'asar, ko takardar mutuwa mai ɗauke da sanadi da wuya a samu.

Kamfanin, wanda yanzu sunansa Orano, ya sha cewa cibiyar sa ido kan lafiya ta OSRA da aka kafa a jihar Agadas a 2011 ba ta gano ciwon aiki mai alaƙa da tururin ba. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almustapha Alhacen da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna musanta cewa komai lafiya yake. Muddin babu rajista mai zaman kanta, wannan gardama ba za ta ƙare ba, kuma mai ƙarfi ne ke cin ribar rashin hujja.

Za a iya cewa lamba ba ta tabbatar da sanadi, gaskiya ne. Z57.1 ba ta cewa yuraniyom ne ya kawo ciwon, tana cewa mutumin ya yi aiki a inda tururin yake. Masu bincike ne za su tantance daga baya, idan sun sami abin tantancewa. Za a iya cewa kuma ma'aikacin CSI da ke duba yara fiye da ƙima a watan Satumba ba shi da lokacin buɗe kundi. Ba a nemi haka daga gare shi ba. Tambaya ɗaya ce ga duk namiji babba mai tari da ya daɗe, musamman wanda gwajin tarin fuka bai nuna komai ba: "Baba, ka taɓa yin aiki a Arlit ko Akokan?" In ya amsa da e, a rubuta a takardar tura shi babban asibitin Maraɗi, can a sa lambar.

Tun da gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa a watan Yunin 2025, uzurin cewa takardu na hannun baƙi ya ragu. Kamfanonin sun riƙa auna yawan tururin da ma'aikata ke ɗauka, don haka kowane tsohon ma'aikaci ya cancanci a ba shi kwafin nasa sakamakon ya ajiye a gida. Ya rage wa ma'aikatar lafiya ta ƙara gurbin a rajista, asusun CNSS ya fito da jerin waɗanda suka yi ritaya daga mahakan jiha-jiha, hukumar ARSN mai kula da tsaron nukiliya kuma ta tabbatar an haɗa da 'yan kwangila, waɗanda sunayensu ba sa cikin jerin ma'aikatan kamfani.