Usur kaɗai ba ya yin malamin wasa

Yara, a arewacin ƙasar Gana akwai birnin Tamale. A gefensa akwai unguwar Dungu, inda jami'ar UDS take. A shekarar 2025, ɗaliban wannan jami'a sun je birnin Dalian na ƙasar Sin. Can suka doke wata jami'ar Birazil da ci 2 da 1, suka ɗauko kofin duniya na ƙwallon ƙafa na jami'o'i.

Ɗan wasa irin waɗannan ba a jami'a yake fara gudu ba. Yana farawa tun yana ƙarami, a fili irin na makarantarku. Shi ya sa nake cewa motsa jiki darasi ne kamar lissafi, kuma sai malami ya koye shi kafin ya koyar.

Aikina shi ne horar da malamai da zagaya makarantu. Na sha ganin malami ya jefa wa yara ƙwallo, ya koma inuwa ya zauna. Manyan yara maza su mamaye fili, ƴan mata da ƙanana su tsaya kallo. Wata rana kuma, cikin watan Afrilu, na ga an sa yara gudu da tsakar rana, har wata yarinya ta faɗi a sume.

To, mi ya kamata malamin wasa ya sani? Ya san jikin yaro: a fara da ɗan sassarfa da miƙe gaɓoɓi kafin gudu mai ƙarfi. Ya san lokaci: lokacin zafi, da safe ake wasa, da tulun ruwa a kusa. Ya duba fili, ya sa a tsince ƙaya da kwalba. Ya iya wanke ciwo da ɗaure targaɗe. Ya san dokokin wasa, ya nuna su da jikinsa. Kada ya raina langa da kokowa da tsallen igiya, don ba su bukatar kuɗi. Ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, har mai ɗingishi ya samu nasa rabo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ya motsa jiki minti 60 kowace rana. Saboda haka, ran wasa kada ku ɓuya a aji. Wanda ba ya da lafiya ya faɗa wa malam tun kafin a busa usur.