Sulhun Sa'udiyya Da Iran Da Darasin Hudaibiyya

Makon nan za mu duba sulhun Sa'udiyya da Iran, maƙwabta biyu waɗanda Tekun Fasha ya raba.

Gabarsu ta daɗe. A Hajjin 1987 rikici ya ɓarke a Makka tsakanin alhazan Iran da jami'an tsaron Sa'udiyya, mutum fiye da 400 suka rasu, aka yanke hulɗa daga 1988 zuwa 1991. A Janairun 2016 Sa'udiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan malamin Shi'a Nimr al-Nimr, masu zanga-zanga suka auka wa ofishin jakadancinta a Tehran, aka sake yankewa. A wannan shekara Iran ba ta aika alhazai ba. Sai ran 10 ga Maris 2023, bayan Iraƙi da Oman sun share fage, ƙasar Sin ta haɗa su a Bejin, suka yarda a buɗe ofisoshin jakadanci, kowa ya daina tsoma baki cikin harkokin ɗan'uwansa.

Sasanta Musulmi wajibi ne, amma sa hannu a takarda bai isa ba. A shekara ta 6 bayan Hijira Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙulla sulhun shekara 10 da Ƙuraishawa a Hudaibiyya. Kafin shekara 2 ya warware, don Banu Bakar, abokan Ƙuraishawa, sun kai wa Huza'a, abokan Musulmi, hari, Ƙuraishawa kuwa suka taimake su da makamai. Ba muna kamanta wata ƙasar Musulmi da Ƙuraishawa ba ne. Abin lura dai, ta hannun abokan ƙawance alkawarin ya karye.

Gabar Sa'udiyya da Iran ma a ƙasashen wasu ta fi cin rai. Sa'udiyya ta shiga yaƙin Yaman a 2015 don ta yaƙi 'yan Husi, waɗanda Iran ke goya wa baya. A 2019 harin Abƙaiƙ ya tsai da kusan rabin man da Sa'udiyya ke haƙowa. 'Yan Husi suka ce su ne, Sa'udiyya ta zargi Iran, Iran ta musa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ma'aunin irin wannan sulhu shi ne kowane ɓangare ya kame hannunsa, ya kuma kame na abokansa. Zaman lafiyar alhazanmu da hanyar fataucinmu zuwa Jidda suna rataye da wannan. Allah Ya haɗa kan Musulmi, amin.